Yadda Za Ka Sa Faifan Biki Ya Yi Magana

Ba zan koya maka hura wa faifai iska ba, ko goge shi da gefen riga, ko ɗan marin injin DVD. Duk mun yi. Ni mako uku na kwashe a kan faifan bikin ƙanwata, wanda Kawu ya ɗauka shekarun baya da kyamarar da ya zo da ita daga Amurka. Hajiya ce ta ce tana son gani, kuma a talabijin ɗinta, ba a waya ba.

Shawara ta 1: faifan nan lafiyarsa ƙalau, rufe shi ne ba a yi ba. Kyamarorin nan masu ƙaramin faifai, mai faɗin santimita 8 da ke cin kamar minti 30, suna barin sa a buɗe don a ƙara ɗauka. Sai an umarce su su rufe, sannan su rubuta jadawalin da injin gida ke karantawa. Masu gyara na ce wa aikin fainalayis. In ba a yi ba, injin zai yi ta gurnani, ya ce babu faifai a cikinsa, alhali da hannunka ka sa.

Shawara ta 2: nemo kyamarar da ta ɗauka, ko irinta. A nan za ka san dangi. Kawu ya ce ya ba ɗansa. Ɗan ya ce abokinsa ya ara tun yana saurayi. Abokin yanzu 'ya'yansa huɗu. Wai don Allah yaushe aro ya koma gado? Tsani, dutsen guga, tabarmar suna, duk abin da ya bar gidanka sai dai ka riƙa kai masa ziyara. In ka tambaya, a bi ka da kallo kamar kai ne ɓarawon. Baronmu na can layin baya tun damina biyu, har an yi masa fenti. Ina muka tsaya? Yauwa, kyamara. An same ta a kwalin takalmi, ba caja. Neman cajar ya ci kwana shida.

Ta 3: kada ka fara rufe faifai kana dogaro da wutar gari. In aka ɗauke ana tsaka, bikin na iya tafiya gaba ɗaya. Ja janareta.

Ta 4, ko ta 5, ni dai na daina ƙirga: kada ka tura ƙaramin faifai a kwamfuta mai bakin tsaga. Haɗiyewa za ta yi. Nemi mai faranti.

Da faifan ya buɗe, sai ga amarya da jan leshinta ta fito baƙi da fari, kamar an yi bikin kafin 1960. Kyamarar Amurka da NTSC take ɗauka, hoto kusan 30 a daƙiƙa. Talabijin ɗinmu PAL ya sani, hoto 25. Na kwana ina kwashe jakar VIDEO_TS zuwa kwamfuta, na juya ta PAL da DVD Flick, na buga a babban faifai mai gigabayit 4.7, a hankali kar ya ƙi. Faifai uku na ɓata. Da na ba wani mai gyara labari, sai ya ɗauki rimot ya nuna min wani ɗan maɓalli mai N/P.

"Yallaɓai, ai wannan kawai za ka danna."

Ban tanka ba.

Ranar Juma'a Hajiya ta zauna da carbinta ta kalla tsaf, tana kiran sunayen waɗanda suka rasu tana musu addu'a. Da ya ƙare ta ce, "To wannan ai kamu ne. Ina kai amarya?"

Na kira Kawu. Ya ce faifan fuska biyu gare shi, sauran na bayansa, kuma kowace fuska rufewarta daban. Kyamarar kuwa abokin ya aiko an karɓa tun ranar Laraba.