Takardar Koke Zuwa ga Kogin Kaduna

Ranka ya daɗe Kogi,

Da fatan kadojinka suna lafiya, in akwai sauransu. Na rubuto ne a madadin tsofaffin yaran Kabala Doki da Unguwar Rimi, waɗanda suka koyi iyo a wurinka ba rajista ba rasiɗi.

Ka san halin bazarar garin nan. Daga Maris zuwa Afrilu kwanon ɗaki har ƙara yake, azahar ba ta zaunuwa. 'Ya'yan manya sai a zuba su a mota a kai su wurin iyo na otal ɗin Hamdala, da tawul da lemon kwalba. Mu da kuɗin tara ko ƙosai ba ya isa, sai mu zagaya ta Gamji, mu wuce gadar Lugard da aka ciro daga Zungeru, mu tuɓe riguna a kan dutse. Lokacin ka janye, duwatsunka duk a waje. Mu yi kurme, mu yi langa a yashi, masu wanki na korar mu. Wannan alheri ne, ba mu musa ba.

Kokenmu shi ne tonon asiri. Ba ka taɓa sallamar yaro ba tare da shaida ba: ido jajir, jiki furu-furu, yashi a kunne. Mu tsara ƙarya tun daga hanya, wai malamin Islamiyya ne ya riƙe mu. Inna ba ta ko tankawa. Farce za ta ja a ƙwauri, farin layi ya fito, shari'a ta ƙare, sai dorina. Mun koma shafe jiki da man gyaɗa a ƙofar gida, ƙarninka ya ci gaba da ba da rahoto. Da wa kake, da mu ko da iyayenmu?

Ga kuma tsarabar tsargiya. Yaro ya ga jini a fitsari, manyan yara su taya shi murna, wai girma ne ya zo. Ashe tsutsa ce da dodon koɗinka ke goyo, ta shiga ta fata muna tsakiyar wasa.

Sannan a damunar 2003 ka ga dama ka rama ziyara. Mu a bakin gaɓa muke tsayawa mu cire takalmi. Kai har uwar ɗaka ka shiga ba sallama, ka fita da katifu da tukwane.

Saboda haka muna neman diyya. Yanzu 'ya'yanmu wurin iyo na kuɗi suke so, mai shuɗin ruwa, kuma mun hana su zuwa wurinka da irin dorinar da muka sha. Ka biya kuɗin tikitinsu. In babu tsaba, muna karɓar tarwaɗa.

Naka a kullum,
Sakataren Waɗanda Aka Zane