Gizo Tafintan Sarki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara da kaka, Tsattsewa ta taso daga Ingila, ta ƙetare Sahara, ta yada zango a fadar Zaki kafin ta wuce kudu. Ko "zo in kashe ki" ba ta ji da Hausa. Zaki ya sa aka yi shela a nemo mai jin Turanci.

Gizo dai kwana uku ya taɓa yi a makarantar Malam Aku. Ya haddace "look" duba, "put" sa, "run" gudu, "give" bayarwa, sai ya naɗe buzunsa. Aku ya ce, "Zauna, ɗan nan. Kai ka kama, ba ka ga wutsiya ba. Kalmomin nan suna jan 'yan ƙanana a bayansu, su 'up' da 'out' da 'off', kuma wutsiyar ce ke juya magana. Ai ko a Hausa, da wanda ya ci tuwo, da wanda ya ci bashi, da wanda ya ci amana, mutum ɗaya ne cikinsa ya cika."

Gizo ya ce, "Mayam, na ƙoshi."

Da jin shela ya sheƙa fada, ya faɗi ya yi gaisuwa. Aka naɗa shi tafinta, har da rawani.

Da tsakar dare aci-balbal ta kife a masaukin baƙuwa, tabarma ta kama. Tsattsewa ta ƙwala ihu, "Put it out!"

Gizo ya ce, "Ta ce a sa ta waje."

Kura, da ba ta tambaya sau biyu, ta suri tabarma tana ci ta wurga jikin zana. Zana ta miƙa wa rumbun dawa. Aka yi ta kamfato ruwa har randuna suka yi ƙaf. Baƙuwa ta leƙa ta ce, "We have run out of water!"

"Ta ce kowa ya gudu ya bay yuwa!"

Giwa, da ta ciko hanci tun daga kogi, ta fesar a ƙasa ta yi ta kanta. Can sai wata azara ta ɓalle daga rufin zaure. "Look out!" Gizo kuwa ya tsaya cak a bakin ƙofa, ya zura kai yana duban waje. Azara ta same shi a ƙugu, kuma wai tun ranar ƙugun nasa ya tsuke.

Da gari ya waye aka ɗauko Aku. Ya dubi toka, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kashe wuta ta ce, ruwa ya ƙare ta ce, yi hattara ta ce. 'Out' ɗin nan ɗaya ce, amma kowane miji ta aura da irin ɗan da take haifa masa. 'Put off' ɗage lokaci ne, 'put up with' haƙuri da abin da ba ka so, kamar yadda kake yi da Gizo."

Gizo yana kwance yana musu, wai baƙuwa ce ba ta iya Turanci ba. Tsattsewa ta gaji ta ce masa, "Give up."

Ya ji "give", ya ji "up", ya tabbata kyauta ce tafe daga sama. Sai ya ɗaga hannuwansa duka, ya yi tsit.

Aku ya ce, "To, wannan kam ya fassara daidai."

Ƙurunƙus kan kusu.