Masu Neman Satifiket ɗin Tsaron Bayanai: Kowa da Kiwon da Ya Karɓe Shi

Duk wanda ya ɗaura ɗamarar zama jarrabawar tsaron bayanai, Security+ ce ko CISSP ko OSCP mai raba ido da barci, ba zai jima ba zai gane cewa littattafan ba su ne wahalar ba. Littafi dai ba ya buga maka waya ƙarfe goma sha ɗayan dare ya ce yana da tambaya ɗaya kacal. Abokan karatu su ne aikin.

Babbansu shi ne Ma'aji. Ba wanda ya naɗa shi, amma kowa ya san shi ne. Yana yawo da rumbun ajiya na waje a aljihun riga, a nannaɗe cikin hankici, kuma in ya ciro shi sai ya fara dube-dube kafin ya ajiye a kan tebur. A ciki akwai bidiyoyin Professor Messer kaf, waɗanda kyauta suke a YouTube yau da gobe, amma ya sauke su "saboda halin rayuwa". Akwai jarrabawar gwaji ta Jason Dion da ya saya a Udemy ranar rangwame, kuma har yanzu yana ba da labarin sa'ar da ya taka, bai lura ba cewa a can rangwamen ba ya cika ƙarewa. Akwai ƙaton littafin nan na Shon Harris mai shafi fiye da dubu, baiwar Allah da ta rasu tun 2014 amma har yau ɗalibai ke ɗauke da ita a jaka. Akwai na su Mike Chapple bugu-bugu, akwai ɗan siririn na Eric Conrad na karatun dab da jarrabawa, wanda Ma'aji ya tanada tun bai san shekarar da zai zauna ba. Sunayen jakunkunan fayil ɗin ma abin kallo ne: "Na Farko", "Na Gaske", "Na Gaske Na Biyu", "A Fara Da Wannan". Ba ya barci da wuri, domin da tsakar dare data ta fi araha, kuma akwai wani kwas na awa talatin da aka ce masa ya fi duk na baya.

Kada a yi masa ƙazafin cewa ba ya karatu. Yana yi. Ya karanta babi na ɗaya na kowane littafi da ya mallaka, kuma da yake kusan dukkansu da ginshiƙai ukun nan suke farawa, wato sirranta bayani, kiyaye sahihancinsa da samuwarsa lokacin da ake buƙata, to a faɗin ƙasar nan ba a haifi wanda ya kai shi sanin waɗannan ukun ba. Ka tashe shi daga barci, zai zayyano maka su da misalai. Ka tambaye shi abin da ke babi na biyu, sai ya ce ai wannan marubucin bai iya bayani ba, akwai wani da yake shirin saukewa.

CompTIA kuwa, mai shirya Security+, takan sabunta jarrabawarta kusan duk shekara uku. A Nuwamban 2023 ta fito da SY0-701, a ƙarshen Yulin 2024 ta rufe SY0-601. Mutane suka shiga jimami, masu rabin karatu suka kama gaggawa. Ma'aji, wanda bai jima da kammala tara kayan 601 ba bayan ya yi bankwana da na 501, ya karɓi labarin da fara'a. "Malam, ai sai a sake lale," in ji shi, yana lissafin data. Takarda ɗaya ce dai ba ta taɓa burge shi ba: jerin maudu'an jarrabawar da CompTIA da kanta take bayarwa kyauta, inda ta faɗi ɗalla-ɗalla abin da za ta tambaya. Ta yi masa ƙanƙanta, ba ta cika ido. Amma fa mutum ne mai hannun kyauta, ba ka rabuwa da shi sai ya ce "kawo filashinka". Na san tsarin rumbun nan nasa ciki da bai, domin kwafinsa na nan zaune a kwamfutata cikin ƙoshin lafiya.

Maƙwabcinsa shi ne Malam Wanne-Ya-Fi. Messer ko Dion? Security+ ko CEH? Littafi ko bidiyo? Ka ba shi amsa, ya yi godiya sosai, gobe ka ji shi yana yi wa wani tambayar da murya iri ɗaya. Ba amsa yake nema ba, hira yake so.

Sai Mahaddaci, wanda ya cika manhajar Anki da lambobin ƙofofi. SSH 22, DNS 53, HTTPS 443, RDP 3389, yana jan su a cikin a-daidaita-sahu, leɓe na motsi. Ranar jarrabawar Security+ aka buɗe masa da tambayar aiki, aka ce ga katangar tsaro, tsara mata ƙa'idoji. Tambaya har 90 a minti 90, ana neman maki 750 cikin 900, shi kuwa ya ƙarar da kwata na lokacin yana kallon allo, lambobin suna nan a kansa lafiya lau, ba wanda ya tambaye shi su.

Wanda nake jin daɗin zama kusa da shi shi ne Injiniya. Shekara da shekaru yana gyaran hanyoyin sadarwa na wani banki, hannunsa ya san kowace waya, yanzu an ce sai da CISSP za a ƙara masa girma. Ba karatu yake yi da littafin ba, shari'a suke yi. Tambaya ta ce an gano kutse, mene ne matakin farko? Injiniya ya ce a toshe ƙofar nan take. Littafi ya ce a bi tsarin da hukumar kamfani ta amince da shi. "Wane tsari? Kafin a tara manajoji ai an kwashe kuɗin!" Kowa ya gaya masa sirrin jarrabawar nan shi ne ka yi tunani irin na manaja, shi kuwa rayuwarsa duka ya yi ta ne yana gyara ɓarnar manajoji. Fannoni takwas ne, kuma yana da ƙorafi a kan bakwai. Me ya haɗa shi da tsayin shinge da ire-iren tukunyar kashe gobara? Me zai yi da tsarin Bell-LaPadula da aka ƙera wa sojan Amurka tun shekarun 1970? Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne jarrabawar ba ta barin mutum ya koma baya: tambaya 100 zuwa 150 a cikin awa uku, kwamfuta na auna ka tana zaɓo ta gaba, in ka danna ka danna ke nan. In ta tsaya cak a ta ɗari, ko dai ka ci sarai ko ka faɗi sarai, sai ka karɓi takarda a teburin waje za ka sani. Injiniya ya ce wannan ba jarrabawa ba ce, hawan jini ne na dala 749.

Ɗan Kali, mai sunan manhajar nan ta masu gwajin kutse, ba ya shiga wannan muhawara, ya fi ƙarfinta. Baƙar riga mai hula yake sawa ko da a zafin watan Afrilu, allonsa baƙi, rubutu kore. Kwanansa shafin TryHackMe, tashinsa na Hack The Box, duk jarrabawar da ake zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu kuma a wurinsa canki-canka ce. OSCP yake hari, inda za a sakar maka kwamfutoci ka yi ta fasa su awa 23 da minti 45, kyamara na kallonka, kana neman maki 70 cikin ɗari. Ka kawo masa matsala, sai ya maimaita maka taken OffSec, masu shirya jarrabawar, cewa ka ƙara ƙoƙari, ya juya. Abu biyu ne ke sa shi yin laushi. Na farko lissafin man janareta na kwana guda cur, da layin intanet na biyu ko da na farko ya yi halinsa. Na biyu rahoto, domin bayan fasa-fasan akwai wata awa 24 ta rubuta yadda aka yi, da hotunan shaida, shi kuwa gwanin namu in ya samu shiga murna ba ta barinsa ya tuna da ɗaukar hoto.

Alhaji Sai-Bayan-Sallah ya sayi baucar jarrabawa, kuma da zuciya ɗaya ya saya, tun kafin a saki naira a Yunin 2023 dala ta kama hawa har ta haura 1,500. Ya sa rana a cibiyar jarrabawa ta Pearson VUE. Ya ɗage saboda azumi. Ya ɗage saboda bikin ƙanwa. Ya samu kashi 78 a gwaji, ya ce sai ya ga 90. Bauca dai tana da wa'adi, kuma wa'adin ba ya zuwa biki.

Akwai mai zama jarrabawa a gida ta manhajar OnVUE don gudun kuɗin mota. Ya share tebur, ya ɗauki hoton ɗaki ta kowace kusurwa, ya ja wa kowa kunne cewa ba shiga ba magana. Ana tsaka da yi, Hajiya ta turo ƙofa: "Auta, ba za ka ci tuwon ba ne sai ya huce?"

Akwai na LinkedIn, mai "Alhamdulillah, na ci CISSP a mako biyu", da hotonsa riƙe da takarda da jerin nasihohi goma. Bai ga dalilin ambaton cewa sai da gogewar shekara biyar ake ba da satifiket ɗin ba, balle cewa shi ya ninka hakan. Ƙaninsa ya ci CC, ɗin nan na masu farawa da ISC2 ta buɗe kyauta ga mutum miliyan ɗaya a 2022, washegari ya zama "ƙwararren masani". Akwai kuma wata Malama da ba a jin muryarta, littafi ɗaya ta riƙe da jarrabawar gwaji ɗaya, tana karatu bayan yara sun yi barci. Ranar da ta ce ta ci, aka yi mata barka a gurguje, aka koma kan gardamar Messer da Dion.

Duk waɗannan ina iya shan shayi da su har asuba. Wanda ba na iyawa da shi shi ne Dillali.

Yakan shigo ne ta bayan fage, da ladabi. "Oga, ina da na wannan watan, ɗari bisa ɗari, in ba su fito ba a dawo maka da kuɗinka." Tambayoyin sata yake sayarwa, waɗanda wasu suka zauna jarrabawa suka kwaso, bayan kowannensu ya amince da yarjejeniyar rufe baki kafin a nuna masa tambayar farko. Ya san hukumomin nan suna soke satifiket, suna kuma haramta wa mutum sake zama in suka kama shi, amma ba zai faɗa wa yaron da ya sayar da wayarsa don ya biya ba. Amsoshin ma ba malami ne ya duba su ba, taron masu hasashe ne suka cike, sai ka haddace kuskure da kuɗinka. Fayil ɗin kuma daga inda ba wanda ya sani yake zuwa, wani lokaci har da umarnin ka kashe manhajar kariya kafin ya buɗu, ɗalibin tsaron bayanai kuma ya kashe. In ka fi ƙarfin aljihu, akwai babban haja: wani ya zauna maka daga nesa, kai dai ka zuba wa kyamara ido.

Ba satar amsar ce kaɗai ke tayar min da hankali ba, aikin da ake nema da ita ne. Mai wannan takarda za a damƙa wa asusun tsohuwar da ke karɓar fanshon mijinta, da bayanan marasa lafiya, da kalmomin sirrin ma'aikata gaba ɗaya. Kamar mutum ne ya haura katanga ya diro tsakar gida ya ce ya zo neman aikin gadi. Ranar da masu kutse na gaske suka zo, ba za su zo da amsa huɗu a zaɓa ba, kuma ba Dillali ne zai tsaya gaban tsohuwar ya yi mata bayani ba. Malamar nan da ta hana idonta barci kuwa, takardarta da ta abokin cinikinsa launi ɗaya ne a gaban mai ɗaukar aiki.

Da na ce masa ba na so, bai ji haushi ba ko kaɗan. "Ba komai, Oga. Amma ko za ka ɗan tura wa 'yan ajinku? Akwai kasonka a kan kowane kai." Ya turo lambar asusunsa duk da haka. A ƙarƙashin sunansa an rubuta cewa mai ba da shawara ne kan tsaron bayanai.