Ƙusa Ba Ta Ƙonewa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da daddare ya ga tirelolin nan da ke tafe kamar gidan biki: ja, kore, shuɗi, har da wata fitila a ƙarƙashi wadda sai dai kwaɗi take haskawa.

Maƙwabcina direba ma ya bi sahu. Ya kai motarsa wajen mai wayarin, aka jera masa fitilu da fanka da wurin cajin waya. Yaron ya ce, "Oga, motarka batir biyu gare ta, volt 24, fitilun nan kuwa na 12 ne, sai an sa abin rage wuta. Kuma kowane layi da fiyus ɗinsa kusa da batir, don in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fiyus ya ƙone kafin mota."

Oga ya biya kuɗin fitilu babu ciniki. A kan fiyus kuwa, da bai kai kuɗin shayi da burodi ba, ya yi ta gardama har la'asar. Ranar da fiyus ɗin ya ƙone a garin Tafa, sai ya cusa ƙusa a gurbinsa. Ƙusa dai ba ta ƙone ba. Kujera ce ta ci wuta. Yanzu a kan katako yake tuƙi, yana rantsuwa sammu aka yi masa.