Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hajiya Wayar Wuta

Hajiya, ranki ya daɗe,

Ina fatan kina nan lafiya a duk inda muka cusa ki: bayan silin, cikin katanga, ƙarƙashin kwano, da kan ƙusar nan ta bayan firigo. Ba zan tambaye ki gajiya ba, don ba kya hutawa sai an ɗauke wuta, kuma a wannan fannin ba za ki ce an tauye miki haƙƙi ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, duk ranar da gobara ta tashi a gida ko shago, daga Magariya har Dungas, kafin toka ta huce an riga an yanke miki hukunci. "Waya ce ta haɗu." Shi ke nan, an rufe shari'a. Ba a tambayi wanda ya saye ki ba, ba a tambayi wanda ya ja ki ba, balle wanda ya ɗora miki dutsen guga da hita da firigo a baki ɗaya. Ke kuma ko uffan. Shirun nan naki ya fara damuna, shi ya sa na zo in tsaya miki, in kuma kawo ƙararki wurinki, tunda ba ki da maigida.

Na san ke ƴar gidan girma ce. A cikin ƙarafa duka, azurfa kaɗai ta fi tagulla iya ɗaukar lantarki, azurfa kuwa ba mai shimfiɗa ta a bango. Yau ana haƙo danginki a Chile da Kwango da Zambiya, amma ƙasar nan ba baƙuwarki ba ce. A shekarar 1353 Ibn Batuta ya sauka a Takedda, wadda masana ke dangantawa da kufan Azelik a jihar Agadas, ya tarar ana narka kakanninki ana zuba su sanda-sanda, ana cin kasuwa da su. Sirara na sayen nama da itace, masu kauri na sayen gero da man shanu, kuma ana kai su har Gobir da Barno. Wato tun ƙarni na 14 mutanen Takedda sun san cewa kauri shi ne darajarki. Mu da muka zo da makaranta da wayar salula, mu ne muke shiga kanti mu ce, "Ba ni ja, mai sauƙin kuɗi."

To ga ƙarata ta farko. Hajiya, ƴar wace ƙasa ce ke? Mu nan muna bakin iyaka. Daga Magariya, Tinkim ce kawai tsakaninmu da Babban Mutum. Mutanen Dungas kuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis kusan tasu ce. Saboda haka rabinki daga Damagaram kike zuwa, rabinki daga Kano, kowace da tarbiyyarta. Wadda ta bi tsarin Faransa, shuɗiyar riga ita ce ta komawar wuta, kore da rawaya ta ƙasa, mai rai kuma tana iya zuwa da ja, ko ƙasa-ƙasa, ko baƙa. Wadda ta bi tsohon tsarin Ingila, da har yanzu ya cika kantunan Najeriya, ja ce mai rai, baƙa ce ta komawa. Kin ga inda gizo ke saƙar? Baƙar riga a hannun wanda ya yi koyo a Kano ba ta cizo. Baƙar riga a hannun wanda ya yi koyo a Damagaram tana iya aika mutum barzahu. Su Ingilan ma sun bar ja da baƙi tun 2006, sun koma ƙasa-ƙasa da shuɗi, mu suka bar mana gado. A gida ɗaya sai a sami ɗakin uwargida an ja shi da wancan tsari, na amarya da wannan, zaure kuma yaron shago ya ƙarasa shi da ragowar da ta samu, duk kore. Don haka nake gaya wa duk mai saurarena kada ya amince da launin rigarki. A kashe daga tushe, a sa testa, sannan a taɓa.

Ƙara ta biyu ta fi zafi: akwai mai yawo da sunanki. Rigarta irin taki, fuskarta ja-ja-wur, tambarin da ke jikinta ma ya fi naki kyan bugu. Amma cikinta alminiyam ne, an shafa masa tagulla sama-sama. Alminiyam bai kai kashi 2 cikin 3 na ƙarfinki wajen ɗaukar wuta ba, yana karyewa in an lanƙwasa shi sau biyu ko uku, kuma yana saki a ƙarƙashin noti bayan ya sha zafi da sanyi. Wani dattijo mai gyaran wuta, da ba ya son a faɗi sunansa sai a wurin biyan kuɗi, ya nuna mini a wani kanti yadda ake kama ta. Ya yanki ɗan guntu, ya feɗe rigar da haƙori (wannan ban ce a kwaikwaya ba), ya kankare silin da bakin wuƙa. Nan take jan ya tafi, fari ya bayyana. Sai ya ƙyasta ashana ya kara mata. Ke in an yi miki haka baƙi kawai kike yi, ki tsaya ƙyam, don sai zafi ya haura digiri 1,000 kike narkewa. Ita kuwa, da ke narkewa a 660, sai ta langaɓe ta sunkuyar da kai. Mai kanti yana kallo, ya ce, "Baba, ai ba ka ce ta gaske kake so ba." Dattijon ya ce, "Ɗana, da ka zo neman aure cewa ka yi a ba ka ta gaske?"

Wanda ba ya son wasa da ashana a kantin mutane, ya ɗaga naɗin biyu ya ji. Ke kina da nauyi, ita fayau. Ya kuma tambaya ko naɗin mita 100 ne ko yadi 100, don yadi 100 mita 91 ne da ɗoriya, kuma mita taran nan da suka ɓace kullum a ɗaki na ƙarshe ake neman su.

Yanzu bari in juyo kanmu, don adalci. Tambayar da aka fi yi a kanki ita ce, "Wacce zan saya?" Amsar a rubuce take a jikinki, ba ma karantawa ne. Mai lamba 1.5 ta fitilu ce da fanka, makatsinta kada ya wuce amfiya 16. Mai lamba 2.5 ta soket ce, iyakarta 20. Murhun lantarki babba sai mai 6. Dutsen guga mai wat 2,000 a kan volt 220 yana jan amfiya 9 shi kaɗai. Mu kuwa sai mu ɗauko siririyar nan mai baki biyu, wadda aka yi don lasifika, mu ja ta daga zaure, ta haye katanga, ta bi ta kan bishiyar dalbejiya, ta sauka a ɗakin maƙwabci, shi ma ya yi wa ƙaninsa sadaka da ita. Sai a zo ana tambaya me ya sa ƙwai ke yin ja kamar mai jin barci in an kunna hita. Doguwar tafiya ce a siririyar hanya; ƙarfin ya zube kafin ya iso, kuma abin da ya zube zafi ya zama a jikinki. In wutar da ke bi ta cikinki ta ninka biyu, zafin ninkawa huɗu yake yi. Rigar robarki kuwa digiri 70 aka yi mata alkawari. A watan Afrilu, lokacin da inuwa kanta ke haura 40, ke kina kwance ƙarƙashin kwano, an riga an cinye miki fiye da rabin haƙurinki kafin a kunna komai. Araha dai ba ta ado.

Sai maganar ɗauri. Hajiya, na ga abin da ake yi miki, na ji kunya a madadin jama'a. An murɗa bakinki da na ƴar'uwarki da yatsa, an naɗe da baƙar leda ta ƙosai, an ɗaure da zaren buhu. Na ga an zare miki kai gaba ɗaya, an tura silinki tsirara cikin ramin soket, an tokare da tsinken ashana biyu. Soket ɗin ma ɗan Kano ne mai baki uku masu kusurwa, kan fankar kuma mai ƙafa biyu zagayayyu, sai an soka murfin biro a ramin sama kafin ƙofa ta buɗe. Kusan duk wutar da ake ɗora miki laifinta a irin waɗannan wurare take farawa. Inda haɗi ya yi sako-sako, nan tartsatsi ke zama yana cin roba a hankali, wata da watanni, har ranar da iskar hunturu ta same shi kusa da zana. Mafi muni shi ne a murɗa ki da alminiyam kai tsaye: da damina ta kawo laima sai tsatsa ta shiga tsakani, haɗin ya fara ɗumi. Ɗan akwatin haɗi mai noti bai kai kuɗin shayi da burodi ba.

Akwai bawan Allah ɗaya da ke ƙoƙarin kare ki, shi ne dijanktar, makatsin nan da ke faɗuwa in kaya sun yi yawa. Shi ma bai tsira ba. In ya faɗi sau biyu sai a ce ya lalace, a cire shi a sa babba. A tsofaffin gidaje masu fis, in siririn ƙarfen ya tsinke, ke ake yankowa a cusa a madadinsa, wani har ƙusa yake sawa. Daga ranar, abin da zai tsinke in rana ta ɓaci ba a allo yake ba, a cikin silin yake.

Ƴar'uwarki mai kore da rawaya kuwa, marainiyar gidan, ita ce ake fara sokewa in lissafi ya ƙi. "Wannan ba ta kunna komai." Gaskiya ne, ba ta kunna komai. Amma ita ce amsar matar da ke cewa firigo na cizonta in ta taɓa shi ba takalmi bayan ta yi wanke-wanke. Wuta ce ta zubo a jikin ƙarfen tana neman hanyar ƙasa, ba ta sami kowa ba sai uwar gida. A nan ma akwai ƙarin wahala, don ƙasarmu rairayi ce, in rani ya yi ta bushe ƙamas, sandar da aka kafa taƙi biyu ba ta aikin komai. Sai an zurfafa ta, a wuri mai laima, a haɗa da makatsi mai jin yoyon wuta na miliamfiya 30. Wanda kuma ƙwansa ke ƙyalli-ƙyalli bayan an kashe makunni, ya bar zargin aljanu tukuna. Sau da yawa an sa makunnin ne a kan ta komawa, mai rai tana nan zaune a bakin ƙwai tana jiran mai canza shi.

Kada ki ɗauka duk mutanenmu sun san ki a bango. A Nijar kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, a ƙauye kuwa abin ya fi haka ƙaranci nesa. NIGELEC, mai raba wuta a ƙasar, tun 1968 take, amma har zuwa 2023 akasarin wutar da take rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Ta yankin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa. Da aka katse ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024, kin sha hutun da ba ki nema ba, masu faifan sola kuma suka sha ciniki. A ƙauyukan Waca da Bande, da Malawa da Guci da Dogo-Dogo, faifan nan a kan rufi da batir a lungu su ne kamfanin wuta. Can ma an samo sabuwar hanyar cutar ki. Ana cewa volt 12 wasan yara ne, kowace waya ta isa. Alhali talabijin mai wat 60 da ba ya jan ko sulusin amfiya a gari, a kan batir amfiya 5 yake ja, ninki 18 ke nan. Wutar batir ba ta girgiza mutum, amma in bakinki biyu suka haɗu ba fis a tsakani, ja kike yi nan take, ɗakin kuma na kara ne. Mai cajin wayoyi a kasuwar ƙauye ya fi mai gidan bene bukatar mai kauri, gajeriya.

Ƙarata ta ƙarshe ƙarama ce. Kin cika farin jini wurin ƴan gwangwan. Mutum ya ja ki a sabon gini, ya tafi neman kuɗin ƙofa, ya dawo ya tarar da bututun roba fayau, ke kuma kina bayan gari ana babbake miki riga, baƙin hayaƙi na shiga ƙirjin yara, ana shirin ɗora ki a sikeli. Abin da na lura da shi, su ba a taɓa yi musu sakiyar da ba ruwa. Ɗan gwangwan da ganin tsinke ɗaya ya san ko ke ce ko mai kwaikwayonki, kuma gidan da aka ja da ta bogi lafiya lau yake kwana. Ina ganin nan gaba in zan shiga kanti, ɗayansu zan ɗauka ya raka ni, in biya shi jika guda.

Abin da nake roƙo, Hajiya, guda biyu ne. Na ɗaya, in kin fara jin zafi, ki daure ki yi warin nan na ƙonanniyar roba da rana tsaka, lokacin da mutane ke farke, ba ƙarfe uku na dare ba. Na biyu, ki yi wa ɓerayen silin ɗina magana. Na ajiye musu gyaɗa a rumbu, ban san me suka gani a rigarki ba.

Ki gaida dijanktar, ki ce masa ya ƙara haƙuri. In kin ga ta ƙasa, ki ce mata ana nan ana tara kuɗinta.

Naki mai biyan kuɗin wuta,
Wani magidanci, Magariya