Tsofaffin Zakarun Kokowa a Ƙasar Magaria da Dungas

Ɗan kokowa ba ya rubuta takardar ajiye aiki. Ma'aikacin gwamnati yana da ranar ritaya, ɗan ƙwallon Turai yana kiran 'yan jarida ya yi hawaye, amma ɗan kokowa sai ƙasa ta sanar da shi, a gaban jama'a, da bayansa. Kafin wannan rana ta zo kuwa, akwai shekaru uku ko biyar na ja-in-ja da tsufa, kuma wanda ya bi filayen kaka daga Bande zuwa Waca, daga Sasumburum zuwa Malawa, ya san masu wannan ja-in-ja iri-iri ne.

Wanda kowa ya fi sani shi ne mai "bana ce ta ƙarshe". Ya faɗi haka bara, ya faɗa bara waccan. Da an sa gero a rumbu, ganga ta tashi, sai ka ga ya zazzage walkinsa yana cewa yara ne suka matsa masa. Ba a taɓa ganin yaran ba. Uwargidansa ta daina magana. Tana dafa ruwan gashi tun kafin ya fita.

Sai mai layu. Lokacin da yake da ƙarfi kambu ɗaya ne a damtsensa. Yanzu ga guru a ƙugu, layu a wuya da gwiwa, ga gorar rubutu da yaro ke riƙe masa, ga wani ƙulli da ake binnewa a bakin fili. Sai ya ɗauki rabin sa'a yana kwancewa da ɗaurewa, alƙalin wasa na busa usur, abokin karawa ya gaji ya tsuguna. Idan ya yi kaye, aikin malam ne. Idan aka kayar da shi, to, wancan ya tsallaka Najeriya ya samo wanda ya fi. Gwiwar da ke ƙara duk lokacin da ya sunkuya ba ta cikin lissafi. Ni dai ina ganin wannan ya fi kowa hankali, don shi kaɗai ne ba ya komawa gida da laifi a kansa.

Akwai wanda ƙarfinsa duka ya koma maƙogwaro. Kirarinsa ya fi na samari goma, rawarsa tana sa mata guɗa, makaɗa na sonsa domin ya san inda ake tsayawa a yi liƙi. Rawa minti goma, kokowa ƙiftawar ido. Ya kan tashi ya kakkaɓe rairayi ya ɗaga hannu kamar shi ya yi kayen, kuma abin mamaki, jikar da ake manna masa ta fi ta yaron da ya kayar da shi.

Mai cinye lokaci shi ne abin tsoro na gaske. Ba ya kai hari, ba ya ba da ƙafa. Ya kafa goshi a kafaɗar yaro, ya riƙe wuyan hannu, ya jingina masa nauyin tuwon shekara arba'in. 'Yan kallo na ihu, "Ku yi kokowa mana!" shi kuwa yana jiran ɗan saurayi ya ƙosa ya kawo wawan kamu. Daga nan sai ka ji ƙasa ta amsa. Samari na ce masa Baba a bayan fili, a cikin fili kuma suna addu'ar kada ƙuri'a ta haɗa su.

Mai ciwon ƙuri'a ba ya buƙatar dogon bayani: lafiyarsa lau har a karanta sunan wanda zai kara da shi.

Wani kuma ya gano amfanin iyaka. An kayar da shi a Dungas ranar Lahadi, kafin labari ya bazu ya hau babur ya nufi Maigatari ko Ɓaɓura, inda har yanzu ake kiransa da kirarin shekara goma da suka wuce. A da wannan dabara tana ci. Yanzu kowane yaro da waya a hannu, bidiyon faɗuwarsa yana riga shi tsallaka iyaka ta WhatsApp, har da maimaici a hankali.

Dukkansu abu guda ke hana su barci: takobi. Tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauke shi, kowane ɗan kokowa a Nijar yake mafarkin shiga cikin goman da jiharsa za ta tura, su haɗu da na sauran jihohi bakwai. Damagaram ta ga Balla Haruna da takobi a hannu, filin kokowar birnin kuma sunan tsohon zakara Langa-Langa yake ɗauke da shi. To yaya za ka ce wa mutumin da ya taɓa kaiwa zaɓen jiha, ya faɗi a karon ƙarshe, ya haƙura? Shi a wurinsa santsi ne ya ja shi, kuma bana ba santsi.

Wanda ya daina amma bai tafi ba yana nan a gindin makaɗa, da hula da babbar riga. Ba wanda ya naɗa shi mai horarwa. "Kai yaro, ƙafar hagu! Haba, a zamaninmu wannan ai ɗaukar gora zai yi." Kowace shekara yawan mutanen da ya kayar ƙaruwa yake, ko da yake rabonsa da walki tun Dungas tana ƙarƙashin Magaria. Idan wani sa'ansa ya matso yana murmushi, mai tuna wata kaka a Dogo-Dogo, sai ya tuna bai yi la'asar ba.