Zomon Matankari Tukunya Yake So

A Matankari, tsohuwar fadar Sarkin Arewa, ba a rasa mai rantsuwa cewa zomo sai gashi. Ni kuwa ina ganin zalunci ne. Dabbar da ta ƙare rayuwarta tana tsere wa karnukan farauta a Dallol Mauri, yaushe ta zauna ta tara kitse? Tsoka ce zalla. Ka ɗora ta bisa garwashi, kafin ka juya ta bushe kamar tsohon takalmin fata, haƙora su yi ta aikin gayya ba lada. Tukunya ce gatanta: a soya da man gyaɗa da albasa, a zuba daddawa, citta da ɗan tonka, a rage wuta naman ya nuna a hankali, a kawo tuwon hatsi. Za a ce ai mafarauta gasawa suke yi tun kaka da kakanni. Gaskiya ne, amma wanda ya wuni yana gudu cikin rairayi, ba tukunya ba mai, yunwa ce ke yi masa miya. Ba a karɓar shaidarsa. Wasu kuma su ce naman bai taka kara ya karya ba, gidan mutum goma ƙashi kawai za su gani. To, ai nan romo ya fi gashi adalci, don ko autan gida zai samu na lasa. Uwargida, a ƙara ruwa.